Kujera Ta Sha Huɗu

Kwanon gilashin ya bar hannun Mai Fenti, saura mutum uku ya iso gabana, ni kuwa ko ɗigon tawada babu a takardata. Na gyara zaman kwat ɗina, na kurɓi shayin da ya riga ya huce, na ci gaba da murmushin nan da muke ɗaura wa fuska tun daga ƙofar otal. Ƙarfe bakwai da rabi ne na safiyar Talata. Na'urar sanyaya ɗaki tana hura mini ƙeya, amma rigata ta ciki a jiƙe take.

Shekara huɗu ke nan ina zuwa wannan taro na 'yan kasuwar gari. Mu ashirin da biyu ne, kowace sana'a mutum ɗaya: lauya ɗaya, injiniyan gini ɗaya, mai kemis ɗaya, mai inshora ɗaya wanda shi ne Shugaba, sai ni, dillalin gidaje da filaye, a kujera ta sha huɗu. Kowa yana da minti ɗaya ya miƙe ya yabi kansa, in ya zarce Shugaba ya buga masa ƙararrawa kamar ɗan firamare. Daga nan sai kwano ya zagaya. Doka ce kowa ya jefa takarda aƙalla ɗaya da ya rubuta wa wani ɗan ƙungiya hanyar samu: wane yana neman kaza, je ka same shi. Takardar biyu ce a manne. Farar ta sama ta wanda aka yi wa hanya ce, ruwan ɗorawar ta ƙasa kuma mai rubutu ya riƙe shaida. Ba a sa suna, lambar kujera kawai ake rubutawa.

A farkon zuwana abin da ake jefawa bai wuce wane zai yi wa shagonsa fenti ba, ko wance tana neman mai ɗaura mata wutar gida. To amma gari ɗaya ne, masu son fenti ba su da yawa, Talata kuwa ba ta fashi. Sannu a hankali kwanon ya koma cin wani abu daban. Mai Kemis ya san gidan da aka fara sayen maganin da ba a saye sai ciwo ya yi nisa. Lauya ya san auren da ya mutu da gadon da ake jan rigar juna a kai. Shugaba ya san wanda shagonsa ya ƙone. Duk gidan da kuka ya shiga, kafin hawaye su bushe adireshinsa ya faɗa kwano, mu kuma mu tafa. Ba zan wanke kaina ba, ni ma na ci daga ciki. Gida uku na sayar ta hannun Mai Kemis.

Lauya ne maƙwabcina, a kujera ta sha uku. Mutum ne mai fara'a, mai watsa katunan ofishinsa kamar yana shuka, shi ya sa kullum a ƙare suke. A safiyar nan ma ina kallonsa ya lalube aljihu bai sami kati ba, ya ja takardar goge baki ya rubuta wa wani baƙo lambar wayarsa. Baƙon kuwa na san shi. Wani matashin dillali ne mai waya biyu da turaren da ke riga shi shiga ɗaki, muna ce masa Ɗan Gayu. Mako uku ke nan yana zama a layin baƙi, yana kallon kujerata kamar ya riga ya auna ta.

Kwano ya iso. Na miƙa shi gaba yadda ya zo.

"Kujera ta sha huɗu?" Shugaba ya ɗago daga littafinsa.

"Yau dai sai haƙuri, Shugaba. Kasuwar ce ta yi sanyi."

"Kasuwar ai ta kowa ce, Dillali. Sau biyu ke nan a jere ka zo hannu rabbana. In aka yi na uku ka san sauran. Doka ce, ba ni na yi ta ba."

Shi kuwa ya yi ta, ina wurin aka yi. Aka yi 'yar dariya, ni ma na taya su. Ɗan Gayu ya sunkuyar da kai yana danna waya, amma na ga gefen bakinsa.

Wanda ba ya cikin sana'ar zai ce mene ne abin damuwa a kujera ɗaya a ɗakin otal. Ofishina ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon taya, allon da ke ƙofar rana ta cinye rabin rubutunsa. Yanzu ba mai hawo bene ya nemi dillali, kowa a wayarsa yake neman gida. Ni shekarata hamsin da biyu, gwiwoyina sun gaji da hawa benen mutane ina yabon ɗakunan da ni kaina ba zan kwana ciki ba. A shekara biyun nan duk cinikin da ya riƙe gidana daga kwanon nan ya fito. In na rasa kujerar, na san ofishin ma kwanansa ya kusa ƙarewa.

* * *

Ran Asabar da hantsi matata ta ce Gwaggo ta kira har sau biyu, wai in je in ganta.

"Ka tafi mata da wani abu, don Allah," ta ce tana miƙo mini ledar lemo da ayaba. "Kullum sai ka je mata da surutu kawai."

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina ɗan shekara biyar da mahaifiyata ta rasu. Malamar firamare ce ta yi ritaya, har yau in ta yi magana sai ka ji kamar za ta ce ka maimaita. Ita ta koya mini rubutu a kan tabarma a tsakar gidan nan. Shekara biyu tana cire mini fensir daga hannun hagu tana mayar da shi dama, da ta juya baya sai in mayar. Ƙarshe ta haƙura ta bar ni da suna. Duk duniya ba mai ce mini Bahago sai ita.

Gidan nata a kusurwar titi yake, tsohon gini mai ɗaki huɗu da tsakar gida mai faɗi, da bishiyar lemun tsami a tsakiya. Benaye sun taso sun kewaye shi ta ko'ina. Na tarar da mijinta, Baba Direba, a kekensa na guragu a ƙarƙashin bishiyar, an ɗora masa tawul a kafaɗa. Shekara talatin ya yi yana jan manyan motoci, sai ga shi shekara uku da suka wuce ɓarin jikinsa ya shanye, harshe ma ya tafi. Tun daga lokacin Gwaggo ta sa aka faɗaɗa ƙofofin gidan, aka zuba siminti a kan matakalu aka yi gangara, don ta iya tura shi ita kaɗai daga ɗaki zuwa inuwa. Allah bai ba su haihuwa ba. Ni ne ɗansu.

"Ka rame, Bahago," ta ce bayan mun gaisa. "Ko kwat ɗin ce take cin ka?"

"Kasuwa ce, Gwaggo."

"Kai kullum kasuwa. Zauna, aiki zan ba ka."

Ta shiga ɗaki ta fito da wata tsohuwar jakar fata, ta zazzage takardu a kan tabarma. Ta ce tana so ta gyara komai tun Baba yana da rai, tunda ni sana'ata ce in duba mata takardar gidan. Na buɗe takardar a hankali don ta fara karyewa a wurin ninki. Na karanta sau biyu.

"Gwaggo, wannan ai ba sunan Baba ba ne. Sunan yayansa ne, marigayi."

"Na sani. Shi ya sa na kira ka."

Ta rage murya ta ba ni labari. Da mahaifin su Baba ya rasu ya bar gona da wannan gida. An riga an yi takardar gidan da sunan yayan, amma shi gona yake so, sai suka yi musaya da baka a tsakaninsu: yaya ya ɗauki gona, ƙane ya ɗauki gida. Ba wanda ya ga dalilin rubutu tsakanin ciki ɗaya. Yayan ya sayar da gonar ya koma wani gari, ya rasu shekara ashirin da suka wuce. Dattawa biyun da aka yi musayar a gabansu su ma sun bi shi. 'Ya'yansa uku suna can, ko gaisuwa ba sa aikowa, kuma ba su san da wannan takarda ba.

"Ana iya gyarawa," na ce. "Amma sai an bi a hankali. A sami mutumin kirki ya je ya same su, a yi maganar zumunci kafin maganar takarda."

"To bari in yi tunanin wanda zan aika. Kafin nan, maganar nan daga ni sai kai."

"Haba Gwaggo, sai ka ce yaro."

Abin da ya fi ba ni haushi da kaina shi ne, duk tsawon lokacin da take magana idona yana aiki. Na auna faɗin tsakar gidan daga bango zuwa bango. Na lura titi biyu ya taɓa. Na ga inda za a sa ƙofar shiga mota in an rushe shi. Ban sa kaina ba, shekara ashirin da biyar ina yin haka a duk gidan da na shiga, har gidan makoki. Baba Direba yana kallona da idonsa mai ruwa-ruwa, na sunkuya na gyara masa tawul.

* * *

Ran Litinin na wuni ina buga waya. Na kira tsofaffin abokan ciniki, na kira surukina, na kira har mai gyara mini mota, ko wani ya san mai neman fenti, ko inshora, ko lauya, ko ma mene ne. Kowa sai ya ce zai duba. Wani ma ya tambaye ni ko ni na san mai neman direba.

Talata ta zo kamar yadda ta saba. Aka sha shayi, aka yi musabaha, kowa ya tambayi kowa iyali ba tare da ya tsaya jin amsa ba. Na yi mintina ɗaya, na faɗi abin da nake faɗa shekara huɗu, cewa ni ba gida nake sayarwa ba, kwanciyar hankali nake sayarwa. Aka tafa. Ɗan Gayu yana layin baƙi, yau har da sabon littafin rubutu ya zo.

Kwano ya taso daga kujera ta ɗaya.

Na gaya wa kaina cewa Gwaggo ai lauya take buƙata, ga kuma lauya a gefena, in na haɗa su na taimake ta na kuma tsira da kujerata. Haka na gaya wa kaina, kuma da wannan na tsaya a kai da na rubuta: tsohuwa tana neman gyaran takardar gida. Amma na san irin wannan takarda ba ta sa kowa tafi a ɗakin nan. Na san abin da ke sa Shugaba ya ɗago kai. Hannuna na hagu ya ja biro ya rubuta: "Zuwa 13, daga 14. Gida a kusurwa, titi biyu, fili babba. Takarda da sunan mamaci. Magada uku, ba su sani ba." Na sa adireshi a ƙasa, na yage farar na jefa, na cusa ruwan ɗorawar a walat.

Da aka rarraba takardu Lauya ya karanta tasa, ya yi ɗan fito a hankali, ya miƙa wa Injiniya ta bayan kujerata. Injiniya ya karanta ya mayar masa, ya ɗaga mini babban yatsa. Shugaba ya ce a tafa wa kujera ta sha huɗu da ta farfaɗo. Ɗan Gayu ya rufe littafinsa.

A wurin ajiye motoci na tari Lauya yana buɗe ƙofa. Zuwa lokacin na fara da-na-sani.

"Lauya, takardar nan. Gidan gwaggota ne. Gyara nake so ka yi mata, a mayar da shi sunan mijinta."

Ya dube ni da fara'arsa ta kullum, ya ciro farar takardar daga aljihun gaba ya sake dubawa.

"Dillali, ai ba haka ka rubuta ba. Ka ce magada ba su sani ba. To wa kake so in sanar?"

"Kuskure na yi. Ba ni ita in sake rubutawa."

"Abin da ya shiga kwano ya shiga, ka fi ni sani. Kuma Injiniya ya riga ya gani." Ya dafa kafaɗata. "Kwantar da hankalinka. Haƙƙin marayu za mu nemo musu, ba zalunci ba ne. Tsohuwa kuma ba za a wulaƙanta ta ba. Kowa zai samu."

Ya mayar da takardar aljihu ya ja motarsa. Na daɗe a tsaye a rana da kwat a jikina, mai gadi yana kallona.

* * *

Mako uku ban taka gidan Gwaggo ba. Matata ta tambaya, na ce aiki ne ya yi mini yawa. Ran wata Alhamis da azahar wayata ta yi ƙara.

"Bahago, wani lauya ya zo da mutum biyu masu igiyar awo. Ya ce 'ya'yan marigayi ne suka aiko shi. Ya bar mini lambarsa, wai in ina da magana in kira."

Muryarta a daidai take, kamar tana kiran sunayen 'yan aji. Na bar abin da nake yi na tafi. Na shiga gidan ina salati, ina tafa hannu, ina tambayar ta ina suka ji, wane mugu ne ya kai musu. Na yi ta sosai, har ni kaina na kusa yarda. Gwaggo tana zaune tana yanka wa Baba farce, ba ta ɗago ba sai da na gama.

"Zauna ka huta," ta ce. "Ka yi gumi."

Daga nan na shiga zirga-zirga, kuma Allah ya sani da gaske na yi ta. Na kai takardun wurin wata lauya a wata unguwa, ta duba ta girgiza kai. Ta ce ba rubutu, shaidu sun mutu, wanda aka yi musayar da shi kuma ba ya iya magana. Ana iya shiga kotu, amma za a yi shekaru, kuma ba ta yi mini alkawarin komai ba. Na hau mota na je garin magadan, na sami babbansu a wurin aikinsa. Ya karɓe ni a tsaye. Ya ce shi bai san wata gona ba, abin da ya sani ubansu ya mutu ya bar su ba ko ɗaki, ashe wasu na zaune a gidansa shekara ashirin. Daga yadda yake jera maganar na gane bakin Lauya ne a bakinsa. Sun riga sun sa hannu da Injiniya.

Ranar da takardar tashi ta zo, wata uku aka ba su, Gwaggo ta karanta wa Baba da kanta, don ta ce gidansa ne, ba za a ɓoye masa ba. Ya saurara har ƙarshe. Sai ya fara dukan hannun keken da hannunsa mai lafiya, yana buɗe baki, jijiyoyin wuyansa sun tashi, ba abin da ke fita sai gurnani da yawu. Shi kaɗai ya rage a duniya da ya san abin da aka yi ranar musayar. Gwaggo ta riƙe hannun har ya gaji ya daina. Ni na fita waje na ce zan amsa waya.

Talata kuwa ba ta fasa zuwa ba, ni ma ban fasa ba. A ƙarshen watan Shugaba ya miƙe ya ce cinikin da ya fi kowanne girma a shekarar daga takarda ɗaya ya fito, ya kira kujera ta sha huɗu. Aka ba ni wani allon katako mai walƙiya da aka rubuta Gwarzon Wata, aka ɗauke mu hoto ina tsakiyar Lauya da Injiniya. Injiniya ya sanar cewa bene mai gida goma sha biyu zai tayar a wurin, kuma ni zan sayar masa da su duka. Aka tafa har da tsayuwa. Na so in ce a'a, na ji bakina yana cewa na gode. Allon na jefa shi a but ɗin mota ƙarƙashin tayar safaya, don kada matata ta tambaye ni na mene ne.

A watannin nan Gwaggo ba ta taɓa canza mini fuska ba. In na je ta ba ni ruwa, ta tambayi yara, ta aike ni kemis. Wannan ya fi komai ci mini rai, don na riƙa jin da ma ta zage ni ko da ba ta san dalili ba.

* * *

Ni na samo musu wurin da za su koma, ai sana'ata ce. Ɗaki biyu ne a ƙasan wani gidan haya a bayan tashar mota, banɗaki a waje, taga ɗaya tana kallon bangon maƙwabta. Na ce su dawo gidana, Gwaggo ta ce ɗakina uku yarana biyar kuma a hawa na biyu nake, wa zai riƙa hawa da Baba. Gaskiyarta ce, kuma na ji sauƙi da ta ƙi, wannan ma wani abin kunyar ne.

Ran Litinin da safe aka kwashe kaya. Rabinsu ta rabar don ba wurin sawa. Kafin mu fita ta tsinki lemun tsami cike da leda, ta kulle ƙofa duk da ta san jibi za a rushe ta, ta ba ni makullin in kai wa masu shi.

A sabon wurin keken Baba ya ƙi shiga. Ƙofar ta yi ƙunci da kusan tafin hannu, ga matakala biyu a gabanta. Ni da na auna tsakar gidansu da ido a zama ɗaya, ban tuna in auna wannan ƙofa ba. Dole na cire kwat na sungume shi kamar jariri na shigar da shi, na kwantar da shi a katifa. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Ya kafe silin da ido, bai dube ni ba. Keken aka naɗe aka jingina a bango.

Sai la'asar muka gama jera abin da ya samu wuri. Masu mota suka tafi, matata ta koma gida saboda yara. Na tsaya a bakin ƙofa ina karkaɗe kwat ɗina, ina cewa gobe zan turo kafinta ya duba ƙofar, zan kuma sa a zuba siminti a matakalar.

"To, Allah ya ba da iko," Gwaggo ta ce. "Tsaya, akwai ajiyarka."

Ta buɗe tsohuwar jakar fatar, ta zaro wata 'yar takarda da aka ninke biyu, ta miƙo mini. Lambar waya ce a rubuce da jan biro, rubutun Lauya.

"Ranar da ya zo ya lalube aljihunsa bai sami katinsa ba," ta ce. "Sai ya rubuta mini a bayan wannan. Juya."

Na juya. Farar takarda ce. Zuwa 13, daga 14. Ba suna a jiki, sai layuka huɗu da adireshi, haruffan duk sun kwanta ta baya.

"Shekara biyu na yi ina fama da kai ka miƙar da haruffan nan," ta ce. "Har yanzu baya suke kwantawa."

Na buɗe baki. Wata huɗu ina shirya abin da zan faɗa in ranar nan ta zo, na kujera, na ofis, na yara biyar, ban sami ko ɗaya ba. Ashe tun ranar da na shigo ina salati ina tafa hannu takardar tana cikin jakarta.

"Gwaggo..."

"Ban tambaye ka ba, Bahago. Na gaji, kai ma ka gaji." Ta ɗauki tawul ta durƙusa gaban katifar tana goge wa Baba baki. Ba ta juyo ba ta ce, "Ja mini ƙofar in ka fita. Hayaƙin motocin nan yana sa shi tari."

Na ja ƙofar. A mota na zauna ban tayar ba. Na ciro walat na lalubo ruwan ɗorawar da ke ciki tun ranar, na ɗora farar a kanta, suka hau juna daidai har wurin yagewar. Fasinjoji suna ta wucewa ta gefena da kayansu, wani yana bubbuga mini but wai in matsa.

Waya ta yi ƙara a aljihuna. Saƙon Shugaba ne da yake tura wa kowa duk yammacin Litinin: gobe bakwai daidai, kada wanda ya zo hannu rabbana. Na dubi kwat ɗin da ke kan kujerar gefe, duk ta yi ƙura ta yamutse. Na duba agogo. In na yi sauri zan tarar da mai guga bai rufe ba.